Launin da Ke Bayan Kabad

Akwai wani magidanci a wani ƙauye, manomi ne, sunansa Nomau. Ba ya sha, ba ya faɗa, rumbunsa kuma bai taɓa ƙarewa kafin kaka ba. Ran Lahadi kafin a buga ƙararrawa ta biyu yana zaune a bencinsa a majami'a, ya ɗora hula a gwiwa. In ka tambayi mutanen garin ko wane irin miji ne, sai su ce maka, "Nomau? Ai matarsa ta dace." Shi ma da za ka tambaye shi abin da zai faɗa ke nan, sai dai zai ɗan sunkuyar da kai tukuna, don kada a ce ya yi fahariya.

Sunan matar Lidiya. Shekararsu ashirin da bakwai da aure, 'ya'yansu duk sun girma sun kama gabansu, gida ya rage daga shi sai ita. Nomau kuwa yana da wata magana guda da ta zauna masa a baki. In Lidiya ta ce, "Maigida, miyar kuka zan yi ko ta kuɓewa?" sai ya ce, "Duk ɗaya ne." In ta shimfiɗa zannuwa biyu ta ce wanne za ta ɗaura ran Kirsimeti, ko ɗaga ido ba ya yi, "Duk ɗaya ne." Ba da mugunta yake faɗa ba. Shi a ganinsa sauƙin kai ne, har yakan yaba wa kansa cewa shi ba mai wahalar da mace ba ne. Sunanta ma ya daɗe bai kira ba. In yana nemanta sai ya ce, "Ke," ita kuma ta amsa.

Ana nan sai saƙo ya zo daga birni cewa babbar 'yarsu Tabita ta haihu. Haihuwar ta zo da wahala, likita ya hana ta doguwar tafiya, don haka ba za ta iya zuwa wanka gida ba, sai dai uwar ta je ta kula da ita kwana arba'in. Wannan ba abin damuwa ba ne, kowace uwa takan yi. Abin da ya dami Nomau shi ne irin shirin da ya ga Lidiya tana yi. Ta kama kajinta duka ta miƙa wa maƙwabciyarsu Dela. Ta buɗe kabad ɗinta, wanda aka kawo ta da shi ran aure, ta sauke kwanuka da tasoshi ɗaya bayan ɗaya, tana gogewa, tana naɗewa da tsofaffin zannuwa, tana jerawa a kwali. Nomau bai yi zurfi a boko ba, amma ya san mai tafiyar kwana arba'in ba ta kwashe kabad.

Yana cikin cin tuwo ya ce, "Ke, yaushe za ki dawo?"

Ta ce, "Tabita ta ce in zauna iyakar yadda nake so."

"To, ni fa?"

"Ba abin da za ka rasa, Maigida. Na yi magana da matar ƙanenka, za ta riƙa aiko maka da abinci safe da yamma. Tuwo ai duk ɗaya ne."

Ba da gatse ta faɗa ba, a hankali ta faɗa, tana kwashe kwano. Da faɗa ta yi masa, da ya san yadda zai amsa. Amma babu fushi a muryarta, gajiya ce kawai, wannan kuwa shi ya fi tsorata shi. Ya gane in matar nan ta shiga mota, ba lalle ta dawo ba. Ba za a ce aure ya mutu ba, ba wanda zai kai ƙara gaban dattawan ikkilisiya. Za ta zauna can ne kawai, wata ya bi wata, shekara ta bi shekara. Ya zauna ya bincike kansa. Bai taɓa ɗaga mata hannu ba, bai taɓa zaginta ba, bai taɓa barinta da yunwa ba. Ya ce a ransa, "Yadda nake ran da aka kawo ta, haka nake yau. To, mene ne?"

Da ya rasa ta cewa, sai ya yi abin da maza da yawa sukan yi in magana ta fi ƙarfin bakinsu, ya nemi aikin hannu. A ɗakin Lidiya akwai wani wuri a bango, kusa da kabad, inda rufi ya yi yoyo damina biyu da suka wuce har filasta ta zube. Magini ya zo ya liƙe da siminti, tabon ya zauna nan, faɗinsa ya kai faifai uku. Ran Asabar kuwa matan zumunta na ikkilisiyarsu za su zo su yi wa Lidiya addu'ar tafiya, kuma a ɗakin nan za su zauna, ran Litinin ta shiga mota. Nomau ya ce ba za a yi haka da shi ba, mata goma sha su zauna suna kallon tabo, su fita suna cewa ga irin ɗakin da ya ajiye matarsa. Zai shafe wurin da fenti kafin su zo.

Launin bangon kuwa ba ya bukatar tambayar kowa, don shi ya shafa da hannunsa, saura mako guda a kawo amarya. A lokacin yana saurayi, a kan launin nan kaɗai sai da ya hana kansa sakat. Ya samo fenti iri uku masu kama da juna, ya fasa tsohuwar ƙwarya, ya shafa kowane launi a sakaina guda, ya bari suka bushe, ya sa a aljihu, ya ƙetare rafi a ƙafa har ƙauyen su Lidiya don ta zaɓa. Ƙawayenta suka yi ta dariya suna cewa duk ukun ai fari ne. Shi kuwa ya dage, ya ce a'a, ku duba da kyau, wannan ya fi wancan taushi a ido. Lidiya ta zaɓi na tsakiya, ruwan madara. Labarin nan Nomau bai manta da shi ba, sai dai ya daɗe bai tuna ba.

Ya hau kekensa ya tafi garin kasuwa wurin wani tsoho mai fenti, ana ce masa Baba Cindo. Ya ce, "Baba, ruwan madara nake so, ƙaramin gwangwani." Tsohon ya ba shi. Ya dawo gida ya shafa a kan tabon, ya wanke hannu, ya tafi gona da kwanciyar rai. Da ya dawo ya leƙa ɗakin, sai ya ga abin haushi. Sabon fentin ya bushe, ya fito fes a tsakiyar bango, ko makaho ya lallaɓa ya san akwai abu a wurin. Da siminti ne ma bai kai haka jan ido ba.

Kashegari da sassafe ya koma, ransa a ɓace. Ya ce, "Baba, na ce maka ruwan madara, ka ba ni farin alli. Ka ɓata mini bango."

Baba Cindo bai yi musu ba. Ya shekara arba'in yana jin irin wannan magana. Ya ɗauki ƙananan gwangwanaye huɗu da buroshi ya ɗaure a bayan kekensa, ya ce, "Mu je in ga bangon."

Da suka iso, ya gaisa da Lidiya, ya yi mata barka da samun jika, ya shiga ɗakin. Ya buɗe gwangwanayen, ya shafa kowanne a bango, faɗin tafin hannu, a jere. Yana shafawa yana kiran sunayen da shi ya raɗa musu. "Wannan kindirmo. Wannan madara, irin wanda na ba ka. Wannan koko. Wannan kuma kunun gyaɗa."

Nomau ya ce, "Baba, fenti na zo nema ko karin kumallo? Ni dai duk ɗaya nake ganinsu."

Tsohon ya ce, "Yanzu ni ma ɗaya nake ganinsu. Fenti yana ɗanye ba a yanke masa hukunci. Bari ya bushe, mu gan shi da rana tsaka, mu sake ganinsa in rana ta karkata. Mu fita mu sha iska."

Suka zauna gindin darbejiya, Lidiya ta kawo musu kunun zaƙi. Nomau yana ta tsaki a ransa, aikin gona na jiransa, ga shi zaune yana gadin fenti. Da rana ta yi tsaka suka shiga, suka duba. Da ta karkata suka sake shiga. A wannan karon ko Nomau ya ga bambancin. Kindirmo ya fi haske, madara yana da ɗan ɗumi, koko ya ja zuwa toka, kunun gyaɗa kuma ya ja zuwa ƙasa.

Baba Cindo ya ce, "To, wanne ne ya fi kusa da bangonka?"

Nomau ya duba, ya sake dubawa. Ba yadda zai yi, ya nuna kunun gyaɗa. Shi ɗin ma ya fi bangon haske.

Ya ce, "Amma wannan ba daidai ba ne. Bangon nan ruwan madara ne. Ni na shafa shi da hannuna, kullum a gabana yake. Da ya canja ai da na gani. Sai dai in masu yin fenti ne suka canja nasu."

Tsohon ya waiga ya dubi ɗakin, ya ce, "Mene ne a nan da ba a taɓa gusar da shi ba tun da aka ajiye?"

Lidiya tana tsaye bakin ƙofa. Ita ce ta amsa, ta ce, "Kabad, Baba. Tun ran da 'yan jere suka kafa shi, nan yake."

Da a cike yake da kwanuka, da mutum biyu ba su iya motsa shi ba. Amma da yake mai shi ta riga ta kwashe kayanta, sai ya zo musu da sauƙi. Suka kama, suka ja shi gefe. Tsohon ya sa tsumma ya share ƙura da yanar gizo.

Ga siffar kabad ɗin nan a jikin bango, tsawonsa da faɗinsa, launi mai taushi, mai haske, kamar jiya aka shafa. Baba Cindo ya matso. Ya nuna wurin da buroshinsa, ya nuna tabon da Nomau ya shafe jiya da fentin da ya kira farin alli. Launinsu ɗaya ne, babu ko tantama.

Nomau ya ja da baya kaɗan. Ya daɗe a tsaye yana duban wurin, yana duban sauran ɗakin. Sai yanzu ya ga yadda bangon ya dushe, ya ga inda bayan mutane ya goge, ya ga baƙin da ya taru sama da inda ake ajiye fitila.

Ya ce, "Baba, yaushe ya zama haka?"

"Ba ranar da za ka nuna ka ce yau ce. Hayaƙin fitila kaɗan, hayaƙin girki kaɗan ran da ruwa ya hana a dafa a waje, ƙura kaɗan, hannun yara kaɗan. Ba wanda ya yi wa bangon nan mugunta."

"To, yaya aka yi ban gani ba?"

"Don kullum kana ganinsa. Yana dushewa idonka yana binsa."

Tsohon ya tsuguna yana rufe gwangwanayensa, ya ce, "Yanzu ka zaɓa. In kana so, in ɗauki kunun gyaɗan nan in ɗiga masa ruwan ƙasa da ɗan baƙi, in yi ta juyawa har ya yi daidai da dattin bangon. In shafe tabon, mu mayar da kabad inda yake. Kafin rana ta faɗi an gama, matan zumunta ba za su ga kome ba. Yawancin mutane haka suke sa ni in yi, kuma ba na ganin laifinsu. In kuwa launin farko kake so, to, sai an fitar da kome waje, a wanke bango da sabulu, a kankare inda ya ɓamɓare, a bari ya bushe, a shafa sau biyu. Ba za ka gama kafin Asabar ba, baƙinku za su tarar da gida a hargitse."

Nomau ya juya wajen matarsa, ya ce, "Kin san ya canja?"

Ta ce, "Na sani, Maigida."

"Tun yaushe?"

"Tun kafin in yaye autanmu."

"Me ya hana ki faɗa mini?"

"Na faɗa. Sau biyu. Ka ce duk ɗaya ne."

Ta shigo, ta durƙusa gaban kwalin da ta haɗa, ta buɗe wata 'yar tasa da ke can ƙasa, ta ciro wani abu a naɗe cikin ƙyalle. Sakaina ce, bakinta ya sha hannu har ya yi santsi. Ta miƙe ta kara ta a jikin bangon da ke bayan kabad, launi ya haɗu da launi.

Ta ce, "Wani saurayi ne ya ƙetaro rafi ya kawo mini. Ƙafarsa duk laka. Ya ce in duba da kyau, ba ɗaya ba ne." Ta yi ɗan murmushi, idonta ya ciko. "Na ce bari in tafi da ita, in riƙa tunawa da shi."

Nan Nomau ya fahimci abin da ya kwana uku yana nema. Ba don ya yi mata wani mugun abu za ta tafi ba. Za ta tafi ne don mutumin da ta aura ya daɗe da dushewa a gabanta, kaɗan-kaɗan, shi kuwa yana rantsuwa yana nan yadda yake. Kunya ta kama shi, baƙin ciki ya cika masa zuciya, ya ji yana ƙaunar matar nan har bai san inda zai sa kansa ba. Ya buɗe baki, sunan ya yi masa nauyi don daɗewa, amma ya fito.

"Lidiya," ya ce. "Ki gafarce ni."

Ta sunkuyar da kai tana juya sakainar a hannu. Baba Cindo kuwa ya ga ya kamata ya je ya duba tayar kekensa, ko da yake ba abin da ya same ta.

Da Nomau ya fito, ya ce, "Baba, kada ka dama kome. Ka aiko mini da babban gwangwani na ruwan madara."

Ran Asabar matan zumunta suka iso da anko ɗinsu da littattafan waƙa, suka tarar da gado a tsakar gida, katifa a kan igiya, kabad a jingine da rumbu. Ga maigida kuma, wanda ba a taɓa ganinsa riƙe da soso ba, ya naɗe wando zuwa gwiwa, yana wanke bango, baƙin ruwa yana gangaro masa har gwiwar hannu. Shugabar matan ta ce, "Ikon Allah! Baban Tabita, yau kuma kai ne da wanke-wanke?" Ya ce, "Ni ne, Mama. Na bar datti ya taru shekara da shekaru ban sani ba. Ku yi haƙuri, sai dai ku zauna gindin bishiya." Suka yi ta dariya, wasu suna ƙus-ƙus. Abin da ya ji tsoro tun farko ya same shi, an ga ɗakin matarsa a mafi munin kamanninsa. Sai ya ga ashe abin bai kashe shi ba. Suna waƙa a waje, shi yana ciki yana gurza, yana bin waƙar a hankali.

Da yamma bango ɗaya ya bushe. Ya kira ta, ya ce, "Lidiya, zo ki gani. Daga nan zan fara, ko daga wajen taga?" Ta dube shi, ta ga da gaske yake tambaya, kuma yana jiran amsa. Ta ce daga wajen taga. Daga nan ya fara.

Ran Lahadi bai taɓa buroshi ba, suka tafi sujada tare. Ran Litinin da safe mota za ta tashi. Tafiya kam ba fashi, Tabita tana kwance tana bukatar uwarta. Nomau bai roƙe ta ta zauna ba, bai kuma sake tambayarta yaushe za ta dawo ba, don ya ga ba shi da bakin tambaya. Ya ɗauki jakarta zai ɗaura a keke. Ya koma zai ɗauko kwalin kwanuka, sai ta ce, "Bar wannan. Nauyi zai yi mini a mota."

Suna fita, ta leƙa ta katanga ta kira maƙwabciyarta. "Dela! Kajin nan fa ajiya na ba ki. Ƙwan ki ci, amma kada ki yanka mini ko ɗaya." Dela ta ce, "Af, ba kyauta kika ce ba?" Ta ce, "Na sake shawara."

A bakin mota ta kwance gefen zanenta, ta ciro sakainar ta sa masa a hannu, ta ce, "Riƙe, ka riƙa gwadawa, kada ka kauce." Ta sa ƙafa ɗaya a mota, ta waigo. "Bangon da ke wajen ƙofa kuma kada ka shafa shi. Ka bar mini. In na dawo mu shafa tare."

Nomau ya koma gida, ya shafa bango uku, ya bar ɗaya. Duk wanda ya shigo ya tambaye shi me ya sa bai ƙarasa ba, sai ya ce, "Mai shi tana zuwa."

To, 'yan'uwa, ma'anar wannan misali ita ce: bangon nan zuciyarka ce, zuciyata ce. Launin farko kuwa shi ne ƙaunar da muka fara da ita. Ka tuna lokacin da ka fara bin Ubangiji, yadda kake ɗokin addu'a, yadda ƙaramar ƙarya take hana ka sukuni har sai ka je ka gyara. Ki tuna yadda kike lura da fuskar mijinki, ka tuna yadda kake lura da ta matarka. Ku yara, ku tuna yadda kuke rugawa da gudu in mama ta yi kira. A lokacin ba ma cewa duk ɗaya ne. Mai ƙauna yana ganin bambanci, ko da ƙanƙane ne.

Yawancinmu ba wani babban zunubi ne ya kayar da mu ba. Nomau bai yi sata ba, bai yi zina ba, bai fasa zuwa sujada ba. Hayaƙi ne kaɗan-kaɗan. Yau ka bar addu'ar safe don kana sauri, gobe ka amsa wa mutum ba ka dube shi ba, jibi ka ji an faɗi gaskiya ka ce ai kowa ma haka yake yi. Ba ranar da za ka nuna ka ce ran nan na sanyaya. Abin tsoron kuma shi ne, idonka yana dushewa tare da kai. Shi ya sa mutum zai iya dafa ƙirji ya ce yana nan yadda yake, kuma ba ƙarya yake nufin yi ba, bai gani ba ne.

In ka gwada bango da bango, duk za su yi maka daidai, don hayaƙi ɗaya suka sha. Haka in ka gwada kanka da maƙwabcinka, za ka ga ba ka da laifi. Sai an ja kabad. Wurin nan da hayaƙi bai taɓa ba shi ne Maganar Allah, da halin Ubangijinmu Yesu wanda ba ya dushewa. Ranar da ka kara rayuwarka a jikinsa, kada ka yi irin ta Nomau ka ce masu fenti ne suka canja. Ba su ba ne.

Daga nan sai zaɓi. Akwai mai cewa a dama gaskiya da ɗan baƙi har ta yi daidai da yadda ya zama, a mayar da kabad, baƙi su zo su tafi ba su ga kome ba. Wannan hanya tana da sauƙi, kuma tana rufe idon mutane sarai. Amma da Nomau ya bi ta, da matan zumunta sun yaba ɗakin, Lidiya kuma ta tafi da kwanukanta. Tuba ita ce a fitar da kaya waje a wanke. Tana da kunya, tana cin lokaci, mutane za su gani su yi magana. Sai dai Ubangiji ba ya raina wanda ya naɗe wando ya ɗauki soso. Shi ne ma yake ba da ruwan wankin, shi ne kuma ya ajiye launin farko bai yar ba, yadda Lidiya ta ajiye sakainarta shekara ashirin da bakwai. Ba ya ajiye ta don ya kunyata ka. Yana ajiye ta ne don bai fid da rai da kai ba.

Abu guda nake roƙonku. In kun koma gida yau, akwai wanda yake zaune tare da ku da ya ga lokacin da kuka fara dushewa, wataƙila ma ya faɗa sau biyu ba ku ji ba. Ku kira shi da sunansa, ku tambaye shi, "Ka san na canja?" In ya fara magana, ku yi shiru ku ji har ya gama. Ku yi wannan tun bai ɗaure kwalinsa ba.

Ubangiji ya buɗe idanunmu, ya kuma maido mu ga ƙaunarmu ta fari. Amin.